Jan Rufin Kaftin

Kwana tara da faɗuwar jirgin, ba a samu wanda ya iya ɗauke kofin Kaftin daga kan kantar shayi ba. Yana nan a ɗakin hutun matuƙa, kusa da butar lantarki, da busasshen shayi a gindinsa. Mai shara takan goge kantar ta kewaye shi.

Mu uku ne a ɗakin da safen nan. Ga Sanƙo, wanda yanzu ya fi kowa daɗewa a kamfanin. Ga Littafi, mace tilo a cikinmu, wadda ta samu sunan don ba ta taɓa tsallake layi ɗaya a takardar duba jirgi ba. Sai ni, da suke kira Ango, ko da yake wata takwas ke nan da aurena. Kaftin-kaftin suna da yawa a kamfaninmu, amma in aka ce Kaftin kawai, mutum ɗaya ake nufi, kuma 'yarsa nake aure. Wanda ya shiga dutse da jirgin nan surukina ne. Mataimakinsa kuwa, Auta, tare muka yi makarantar tuƙin jirgi, ɗaki ɗaya, shi a gadon sama ni a na ƙasa. Su biyu da wasu mutum talatin da ɗaya, ba wanda ya fita.

"Ta kunna mini muryarsu da aka naɗa," Sanƙo ya ce. Shi ne wanda matar da ke binciken hatsarin ta fara kira tun ƙarfe takwas, kuma tun da ya dawo yake juya hularsa a kan gwiwa. "Ba duka ba, ɗan ƙarshen kawai. Wallahi da na sani da na ce ta karanta mini a takarda."

"Me suka ce?" in ji Littafi.

"Kaftin ya ce, 'Ina rufin?' Auta ya ce, 'Ban gan shi ba tukuna, Kaftin.' Can sai Kaftin ya ce, 'Yana gaba, bari.' Sai na'urar gargaɗi ta hau ihu, a ɗaga, a ɗaga. Shi ke nan."

Ba wanda ya tambayi wane rufi. Dukkanmu mun sani.

Filin jirginmu titi ɗaya gare shi, kuma ta gefe ɗaya kawai yake da na'urar da ke jagorar jirgi cikin gajimare. Ranar da iska ta juya ba a sauka ta wannan gefen, don jirgi ba ya son iska a bayansa. Sai ka bi na'urar har ka fito ƙarƙashin gajimare ka ga titin da idonka, sannan ka kauce gefe, ka jera da shi ƙasa-ƙasa, ka wuce ƙarshensa, ka juyo ka sauka ta ɗaya gefen. Saukar kewaye muke ce mata, kuma a shekara bai fi ka yi ta sau biyar ko shida ba. Ƙa'idarta ba wuya. Da kun zo daidai ƙarshen titin, mataimaki ya danna agogo. Sakan ashirin, a juya. In ka ƙara, akwai dutse a gabanka, wanda ranar hadari gajimare ke shanye shi har ƙugu.

Kaftin ba ya aiki da agogo. Akwai wani tsohon sito mai jan rufi can bayan gari, daidai inda sakan ashirin ɗin ke cika, kuma shekara ashirin da biyu a kan rufin nan yake juyawa. In sabon mataimaki ya kai hannu ga agogo, sai Kaftin ya ɗan buge hannun da bayan yatsunsa yana murmushi. "Agogo na 'yan koyo ne, ɗana. Kalli waje. Ka ga jan rufi? To, nan ake juyawa." Ni ma ya buge nawa, shekara uku da suka wuce, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ji na yi an buɗe mini ƙofar ɗakin manya. Daga ranar ban sake kai hannu ga agogo ba in muna tare.

Akwatin naɗar bayanan jirgin ya nuna wa masu bincike cewa ba a danna agogo ba, an kuma yi sakan hamsin da ɗaya ana tafiya. Danna agogo aikin mataimaki ne. Wani ya tsegunta wa 'yan jarida, shekaranjiya suka buga hoton Auta, wanda aka ɗauke shi ranar kammala makaranta, hula ta yi masa yawa, da kalmar sakaci a ƙasansa da manyan haruffa.

"To, da ta tambaye ka wane rufi, me ka ce?" Littafi ta tambayi Sanƙo.

"Na ce ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Kai da ko mai gadin gidanka ya san jan rufi?"

"Ke dai Littafi, bakinki ya fi injin jirgi ƙara. Rage murya, bango ma kunne gare shi."

"Ya ji mana. Shi ma bangon ya san jan rufi."

Sanƙo ya ajiye hular a kan tebur. Idanunsa sun yi ja, na san bai yi barcin kirki ba tun ranar. Kaftin ne ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa lokacin da aka so korarsa a shekarun baya.

"Saurara mini," ya ce. "Na bi matuƙanmu ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, daga yau agogo. Ba rufi, ba bishiya, ba komai. An gyara. To me ya rage? A tono mutumin da ke kwance a kabari a tsayar da shi a gaban duniya? Kuma ba shi kaɗai ba. In an bi ta ɓarawo za a bi ta mabi sawu. Rabin kamfanin nan a kan rufin suke juyawa. Mutum nawa za a hana tashi?"

"Auta ya rage," ta ce. "Na je gidansu jiya. Mahaifiyarsa ta daina fita ko ƙofar gida. Wata mata da ɗanta ke cikin jirgin ta zo har tsakar gidansu ta tofa yawu a gabanta. Ta riƙe hannuna tana tambayata, ''yata, ke da kika san aikin, da gaske ɗana ne ya kashe su?' Me zan ce mata? In ce an gyara?"

"To ke ki faɗa mana. Ai ƙarfe sha ɗaya ne naki wurin mai binciken."

"Zan faɗa. Amma wa zai ɗauka? Sau ɗaya na taɓa zama kusa da shi, na danna agogona ya buge hannuna na sake dannawa, tun daga ranar bai yarda an haɗa mu ba. Kowa ya san ba ma ga maciji. Za a ce tsohuwar gaba ce." Ta juyo ta dube ni. "Sai wanda ya zauna kusa da shi sau ɗari, wanda ba za a ce ƙiyayya ce ta sa shi magana ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana. Sanƙo ya yi tsaki.

"Ki bar yaron nan ya ji da abin da ke damunsa. Shi da iyalan Kaftin gida ɗaya suke kuka." Ya matso da kujerarsa kusa da ni. "Ango, bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Na ɗauki mota na je wurin jiya. Ba gajimare ne ya ɓoye rufin ba. Babu shi. Sun yaye jan kwanon, sun sa sabo mai ruwan toka, kalar ƙasar wurin. Ko da rana tsaka sai ka lura za ka gan shi daga sama. Ka gani? Wa zai sani? Hanyar ma ba mai binta cikinmu. Wannan ƙaddara ce tsantsa, ba laifin kowa ba."

Littafi ta dafe baki. Ni kuwa na sani.

Kwana goma sha biyu kafin hatsarin na bi hanyar. Ranar hutu ce, za mu cin abincin rana gidan Kaftin, matata ta ce mu biya ta bayan gari ta duba wani labule. Ina tuƙi na hango mutane a kan siton suna zare jajayen kwanuka suna miƙo su ƙasa. Har na rage gudu. Na ce a raina, da mun isa zan gaya wa Baba. Muka isa. Muka tarar ya zazzage wani tsohon akwatin hotuna a tsakar falo, ya zaro wani na matata tana shekara shida, ba haƙoran gaba, ta sa hularsa har ta rufe mata ido. Ta yi ta binsa tana son ƙwacewa, shi yana ɗaga hoton sama yana cewa sai Ango ya gani. Ni da na tashi ba uba, na zauna ina kallonsu, ban taɓa jin na shiga cikin mutane kamar ranar ba. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Maganar rufi ta fice mini fit.

Sau biyu na tuna bayan nan, sau ɗaya ina wanka, sau ɗaya ina sama a kan hanyar dawowa. Duka biyun na ce sai mun haɗu, ai damina da saura, iska ba ta juya ba tukuna. Waya tana aljihuna. Minti ɗaya ya ishe ni.

"Ƙarfe nawa ne naka?" Sanƙo ya tambaye ni.

"Huɗu."

"To. Gidan nan ya ba ka 'ya, ya ba ka uba. Kada ka shiga ka fito da abin da za ka kasa haɗa ido da matarka."

Littafi ta miƙe ta gyara wuyan rigarta. A bakin ƙofa ta tsaya. "Auta ne ya riƙe maka zobe ranar aurenka, Ango. Ban ce komai ba, tuna maka kawai na yi."

Ban jira fitowarta ba. Na ɗauki makullin mota na nufi gidan Kaftin, inda matata take tun ranar da abin ya faru.

Hasumiya ake ce mata a gidan. Kaftin ne ya sa mata, wai tun tana ƙarama ba ya fita sai ta ba shi izini, ba ya shigowa sai ta tambaye shi daga ina, kamar masu ba jirage umarni a hasumiyar filin jirgi. Ranar da na fara ganinta ta kawo masa tabaransa da ya manta, ta tsaya a ƙofar ɗakin hutu ta ce, "Wane ne cikinku zai kai wa tsohon nan idanunsa?" Na miƙe da sauri har na kifar da shayi a wandona. Wata shida ana yi mini tsiya da wannan. Na rubuta mata wasiƙu goma sha ɗaya da hannu kafin ta amsa ɗaya, amsar ma layi biyu ce, tana gyara mini wata kalma. Na karanta littattafai da yawa da ke maganar so, na ɗauka na san shi, ashe sunansa kawai na sani.

Na tarar da surukata a falo da baƙi mata, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗana, ka ci wani abu kuwa? Dubi yadda ka zabge." Ta nuna mini ɗakin Kaftin da hannu.

Hasumiya na zaune a bakin gado, fararen rigunan aikinsa tsibi guda a gefenta, tana ciro musu alamar kafaɗa mai layi huɗu tana jerawa a cikin wani gwangwani. Ta rame. Da ta gan ni ta ɗan yi murmushi, ta matsa ta ba ni wuri.

"Ba ka ce sai yamma ba?"

"Ƙarfe huɗu zan shiga wurin mai binciken. Akwai abin da nake so ki ji daga bakina kafin ta ji."

Na fara mata bayanin agogo da sakan ashirin. Ina zuwa kan sito ta tare ni.

"Jan rufi," ta ce. "Na san shi mana. Ina firamare ya taɓa kai ni a mota ya nuna mini. Ya ce wannan abokinsa ne, shi ke nuna masa hanyar gida." Hannunta ya tsaya a kan rigar. Yarinya ce mai kaifin kai, ban taɓa buƙatar gaya mata abu sau biyu ba. "Ba a yarda a yi haka ba, ko?"

"Ba a yarda ba."

"Kuma Auta bai danna agogon ba ne don Baba ya hana shi."

"Duk wanda ya zauna kusa da shi ya hana shi. Har ni."

Ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. "Sanƙo ya faɗa?"

"Ya ce bai sani ba."

"To kai ma ba ka sani ba." Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ka ji mutanen da ke falo? Tun safe abu ɗaya suke gaya wa Mama, shekara talatin mijinki bai taɓa ko goge fentin jirgi ba, yaron ne ya cuce shi. Da wannan take iya haɗiye ruwa. In ka cire mata shi, da me za ta tsaya? Gobe hoton Baba za su buga. Za su zo ƙofar nan. Don Allah, Ango. Auta ya tafi, ba abin da zai dawo da shi."

"Mahaifiyarsa tana nan."

"Ni ma tawa tana nan!" Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ni ma ina nan. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da muka yi aure. Yau ina roƙonka."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Na kalli yatsunta a kan farar rigar, na ji zan iya ba ta duk abin da ta nema, har lasisina, har idanuna. Da iyakar abin da ke cikina ke nan, ina jin da na ce mata to. Amma akwai sauran abin da ban faɗa ba, kuma na san in na haɗiye shi yau, kullum na kwanta kusa da ita yana tsakaninmu.

"Akwai saura," na ce. "Ba su ga rufin ba don an cire shi. An canza masa kwano."

"Innalillahi. Kuma ba wanda ya sani?"

"Ni na sani."

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin tuna ranar da muka biya duba labule? Ranar hotuna? Na ga ana yaye shi. Na ce zan gaya wa Baba, na manta. Na tuna daga baya, na ce sai mun haɗu."

Daga falo ina jin wata tsohuwa tana ba da labarin yadda Kaftin ya taɓa kai ta asibiti a motarsa.

"Ina cikin motar," ta ce a hankali. "Ka rage gudu. Na tambaye ka me kake kallo, ka ce ba komai."

"Na ce ba komai."

"Awa huɗu muka yi a gidan nan. Kun zauna kujera ɗaya. Ya raka ka har mota, ya dafa kafaɗarka." Ta damƙe rigar. "Kwana nawa?"

"Goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu. Kullum sai ka turo mini saƙo sau ashirin, kin ci abinci, kin isa lafiya, na ga wani gajimare mai kama da ke. Ba ka iya tura masa ɗaya ba?"

Na sauko daga gadon na durƙusa a gabanta, na kai hannu zan riƙe nata, ta janye shi ta cusa a ƙarƙashin rigar. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Hawaye kawai ke sauka suna ɗiga a kan aljihun rigar mahaifinta.

"Me ya sa ka gaya mini?" ta ce. "Ba wanda ya sani. Da ka bar ni da mijina."

"Don ba zan iya bari ki ci gaba da jingina da ni kina kuka ba, alhali ba ki san da wa kika jingina ba."

"Kalamai," ta ce. "Kullum kana da kalamai." Ta share fuskarta da bayan hannu. "Yanzu in ka shiga ka faɗa, ka kashe Baba sau biyu. In ka yi shiru, kai da Sanƙo kun danne yaron mutane don ku tsira. Wanne kake so in zaɓar maka? Ba zan zaɓa ba. Tashi ka fita, kada Mama ta shigo ta gan ka a haka."

Na fita. Surukata ta bi ni da kira, wai in tsaya a zuba mini abinci, na ce ana jirana a wurin aiki.

Ofishin da aka ba mai binciken ƙarami ne, a hawa na biyu, tagarsa na kallon titin jirgi. Dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi, an ce ita ma ta yi shekaru tana tuƙi kafin idonta ya raunana. Ta shimfiɗa taswirar filin a tebur ta danne kusurwoyinta da kofi da waya. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce ta san matsayina a gidan, in ina so a ɗaga zaman za a ɗaga.

Na ce a'a.

"Mutum shida na tambaya yau," ta ce. "Biyar sun ce ba su san wane rufi ake nufi ba. Ɗaya ta ba ni labari, amma ta ce sau ɗaya ta gani da idonta. Kai sau nawa ka tashi da marigayin?"

"Ya fi ɗari."

"Saukar kewaye fa?"

"Bakwai."

"A cikin bakwai ɗin, sau nawa aka danna agogo?"

Na kalli taga. Wani jirginmu yana shirin tashi, na san har wanda ke ciki.

"Ko sau ɗaya," na ce. "Na farko na kai hannu, ya buge shi."

Na karɓi alƙalaminta na yi ɗigo a kan taswirar, daidai inda siton yake. Na gaya mata kalmomin da yake faɗa, da yadda yake murmushi in yana faɗarsu, don ban so ta rubuta shi a matsayin mugu. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya yi abu sau ɗari ya tafi daidai. Na gaya mata Auta ba zai taɓa mantawa da agogo ba, a makaranta har dafa ƙwai da agogo yake yi muna yi masa dariya. Na gaya mata an canza rufin. Ta daɗe tana rubutu, sannan ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Na gode," ta ce. "Na san abin da wannan ya ci maka. Za ka iya tafiya."

Ta rufe littafin. Ba ta tambaye ni yaushe na san an canza shi ba, kuma ba dalilin da zai sa ta tambaya. Ƙofa tana bayana, taku uku.

"Ranki ya daɗe, ki sake buɗewa," na ce. "Akwai nawa laifin."

Da na fito, Sanƙo na tsaye a ƙasan bene. Ya dubi fuskata sau ɗaya ya gane. Bai zage ni ba. Ya sa hularsa ya wuce ta gefena kamar bai taɓa sanina ba. Kafin in kai mota saƙon ofis ya shigo, an dakatar da ni daga tashi har sai an kammala bincike. Na karanta na mayar da wayar aljihu, ko a jikina.

Rana ta yi sanyi lokacin da na isa gidan Kaftin. Ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa na aika a kira ta. Ta daɗe kafin ta fito, da mayafin mahaifiyarta a kanta, ta tsaya daga ciki, ƙofar ƙarfen a tsakaninmu rabi a buɗe.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Duka? Har naka?"

"Har nawa. Sun dakatar da ni."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na nemi wani abu a fuskarta, ko fushi ko sassauci, ban iya karanta komai ba, ni da nake alfaharin na haddace fuskar nan.

"Yaushe zai fito?"

"Ta ce za su sanar da iyalai tukuna. Kwana biyu ko uku."

"Ni zan gaya wa Mama. Ba na so ta ji a bakin baƙo, kuma ba na so ta ji a bakinka." Ta kama ƙofar. "Ka je gidan su Auta. Yau, ba gobe ba. Ka gaya wa mahaifiyarsa da bakinka, kada ka ce sai kun haɗu."

"Zan je yanzu. Hasumiya..."

"Kada ka kira ni da sunan nan. Nasa ne."

"Za ki dawo gida?"

"Ban sani ba. In na dube ka ina ganin motar nan tana rage gudu. Ban san ranar da zan daina gani ba, ko ma zan daina. Kada ka kira ni, kada ka rubuto mini komai. In na iya, ni zan nemo ka."

Ta tura ƙofar, na ji ƙarar sakata. Na ɗan tsaya ko zan ji takunta na komawa ciki, ban ji ba, ina jin ita ma tana tsaye a bayan ƙofar. Ban ƙwanƙwasa ba. Na koma mota na tayar, na kama hanyar gidan su Auta, ina ta juya yadda zan fara yi wa tsohuwar magana.